Layin da Aka Kankare a Zaburar Emama

Masu ce min in share hawaye in rungumi ƙaddara, na ga saƙonninku, na gode, amma ku ɗan dakata ku ji abin da ya faru ranar Asabar tukuna. Wanda yau ya fara leƙo mu kuma, sunana Wubalem, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Debre Markos, ƙasar Habasha. Wanda nake so sunansa Yihune. Malamin dabbobi ne, dogo, mai ɗan gibi, kullum takalminsa da taɓo, kuma shekara biyu ke nan ban ga mutumin da ya iya sa ni dariya ina cikin fushi ba in ba shi ba.

Mako uku da suka wuce ya turo dattawa neman aurena. Su uku ne, kowa ya yafa farin gabinsa, wato mayafin saƙi mai kauri, suka tsaya a bakin ƙofa suka ƙi zama sai da aka yi ta roƙonsu. Emaye, mahaifiyata, ta barbaza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turare a kasko, ta soya gahawa har ƙamshi ya kai gidan maƙwabta. Ni kuwa ina madafa cikin farar rigata ta saƙi mai koren baki, kunnena manne da labule, miyar shiro na ƙonewa a bayana ban sani ba. Da yake Baba ya rasu, yayan Emaye ne ya karɓe su, wato Gashe Admasu. Ya saurare su tsaf, ya ce a ba shi mako biyu ya ƙirga gida.

To, ba a aure a wurinmu sai an ƙirga gida bakwai, kowa ya san wannan. Uwa da uba gida na ɗaya, mutum biyu. Kakanni gida na biyu, mutum huɗu. Haka kowane gida yake ninka na bayansa, takwas, sha shida, har a kai na bakwai mai mutum ɗari da ashirin da takwas. In ka tara su gaba ɗaya, ɗari biyu da hamsin da huɗu ne, ni na lissafa da kaina. Idan aka sami mutum ɗaya tak a cikinsu wanda shi ma saurayin ya fito daga tsatsonsa, magana ta mutu. Babu limamin coci da zai ɗora muku kambin aure, babu dattijon da zai ci abincin bikinku.

Ni fa ko a jikina. Dangin Yihune na can ƙetaren kogi, tafiyar yini guda a mota. Har na fara tambayar kuɗin ɗinki.

Ranar da wa'adin ya cika Gashe ya shigo da hantsi, da takarda a ninke a aljihu da tabaraunsa mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare. Bai karɓi gahawa ba.

"Wubalem, zauna ki ji da kunnenki, kada gobe ki ce Gashe ne ya ƙi ki da alheri." Ya ware takardar. "Uwarki, ɗaya. Kakarki Emama Birke, biyu. Uwarta Yetemegn, uku. Uban Yetemegn, Ƙes Bitew, huɗu. Ubansa biyar, kakansa shida. Engida, bakwai."

"Sai me, Gashe?"

"Engidan nan shi ne dai Engidan da ke cikin takardar yaron. A wajensu yana gida na tara, ya wuce. A wajenmu yana na bakwai cif."

"Gashe, mutumin nan ya fi shekara ɗari biyu a ƙasa! Ko ƙashinsa babu!"

"Jininsa na nan, ga shi yana yi min tsawa."

Ya ninke takardarsa ya ce ranar Lahadi ta sama zai aika wa dattawan da amsa. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya biya min kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba, kuma da zai fita na ga idonsa ya yi ja. Amma Gashe mutum ne da in ya ce gidanmu gidan limami Ƙes Bitew ne, sai ka ga ƙirjinsa ya ƙara faɗi. Shi ke karatu a coci ranar idi, kuma tunda nake ban taɓa jin ya lanƙwasa doka don kowa ba.

Emaye kuwa ko kwana biyu ba ta bari na yi makoki ba. Ina tankaɗe garin tef, hatsinmu na nan, ta zo ta tura min waya a hanci.

"Dubi ɗan ƙawata. Yana da kantin magani a Addis. Ubansa mutumin Hawassa ne, ko gida ɗari aka ƙirga ba za ku haɗu ba."

"Emaye, kansa kamar tulu."

"Tulun da ke da mota! Ke shekararki nawa? Sa'o'inki duk suna goye da na biyu, ke kina goye da jakar alli."

Na ajiye rariyar na shige ɗaki na banko ƙofa. Wayata na kan gado tana haske, saƙon Yihune ne.

"Malama, na samo mafita. Ki ce wa Gashe ya ƙirga da ɗaurin biyar-biyar irin wanda kike koya wa yara. Ba kin ce a can bakwai 12 ake rubuta ta ba? Ai mun wuce ke nan."

Makon nan ne nake koya wa 'yan aji tara cewa ba dole sai da goma-goma ake ɗaure ƙirga ba, don dai yatsunmu goma ne muka saba. Kana iya ɗaure tsinke biyar-biyar, ko biyu-biyu, ko sittin-sittin kamar mutanen da suka bar mana mintocin agogo. Ashe ɗan banzan nan yana saurare lokacin da nake masa surutun.

Na rubuta: "Ɗauri ɗaya da saura biyu ke nan. Rubutun ne ya canza, kaburburan suna nan bakwai."

"To da biyu-biyu fa?"

"111."

"Ɗari da sha ɗaya! Maza kira dattawa!"

Na yi dariya har na shaƙe, daga nan dariyar ta koma kuka. Can sai ga wani saƙon, wannan babu wasa a ciki.

"Wube, ba zan ɗauke ki mu gudu ba, kin sani. Ba na son ranar da ɗanmu zai yi zazzaɓi ki dube ni ki ce alhakin jini ne. Amma ban cire rai ba. Ke ma kada ki cire."

Ranar Asabar, ana gobe za a kai amsa, na yafa mayafi na tari keke mai ƙafa uku zuwa gidan Emama Birke, kakata, a bayan kasuwar hatsi. Ba wata dabara na je da ita ba, Maryam ce shaida. Wurin kuka kawai nake nema wanda babu hoton mai kantin magani a cikinsa. Na same ta a tsakar gida kan 'yar kujerarta, ta shanya barkono a tabarma, tana tsince tsakuwa daga sha'ir a faifai. Shekararta saba'in da bakwai, haƙoranta huɗu, bakinta kuwa ya fi na kowa kaifi a dangi.

"A'a, uwar alli! Wa ya mutu kika kumbura haka?"

"Ni ce na mutu, Emama."

"To gawa, matso ki taya ni tsinta."

Muna cikin tsinta na ce ina so in ga inda Gashe ya samo sunayen da idona. Ta harare ni, ta ce in wanke hannu in rufe kaina. Zaburar Ƙes Bitew tana rataye a bangon ɗakinta cikin jakar fata da hayaƙi ya mayar baƙa. Bangonta na katako ne, takardunta na fatar akuya, a shafin ƙarshe kuma aka jera sunayen 'ya'yansa da shekarar da aka haifi kowa, da baƙin tawada, a tsoffin lambobinmu na Ge'ez.

Lambobin nan kowa ya san su. Suna jikin kalanda, suna saman shafukan littafin addu'a. Amma babu sifili a cikinsu, kuma goma da alamarta, ashirin da tata, sittin da tata, ɗari da tata. Ba sa jeruwa ɗaya a ƙarƙashin ɗaya balle ka ce za ka ɗebe wannan daga wancan. Don haka karanta su kawai muke yi mu wuce, kamar yadda ake karanta sunan mutum. In lissafi ya tashi, kowa sai ya koma lambobin makaranta.

Ni kuwa hannuna ya riga ya lalace da aikin aji. Duk inda na ga lamba sai na juya ta. Ban ma san na zaro biro da littafin darasi daga jaka ba. Ɗan fari: ፲፰፻፷፰. Goma da takwas, sai alamar ɗari, ɗari sha takwas ke nan, sai sittin da takwas. Na rubuta 1868, a lissafin shekarunmu. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, su tara. Auta, Yetemegn, uwar Emama: ፲፱፻፲፪. Na rubuta 1912.

Da suka jeru a takarda, na fari a sama, auta a ƙasa, sai idona ya ɗebe su da kansa. Arba'in da huɗu. Na sake ɗebewa da biro. Arba'in da huɗu dai.

"Emama, matan Ƙes Bitew nawa ne?"

Ta ajiye faifan. "Ji min 'ya da neman tsinuwa! Ƙes ne fa, limami. Limami mace ɗaya yake aure duk rayuwarsa, ko ta mutu ba ya ƙarawa. Dinkinesh ce kaɗai, kuma ita ta binne shi."

"Tana da shekara nawa ta yi haihuwar fari?"

"Sha shida, in ji su. Me ya kawo wannan?"

"Sha shida da arba'in da huɗu, sittin. Emama, Dinkinesh tana da shekara sittin ta haifi uwarki?"

Hannunta ya tsaya a cikin sha'irin. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saratu matar Ibrahim tana da casa'in ta haihu."

"Saratu mala'iku uku ne suka zo mata har gida. Dinkinesh wa ya zo mata?"

Na zaci za ta jefe ni da faifan. Ba ta ko motsa ba. Na mayar da ido kan shafin, sai a lokacin na lura cewa tsakanin na takwas da auta akwai wani layi da aka kankare da wuƙa, fatar ta yi fari ta yi laushi a wurin. Sunan ya tafi ɗungurungum. Amma mai kankarewar bai damu da lambar ba, ya bar ta a gefe. Na juya ta, 1894. Wanda aka goge ɗin yana da shekara sha takwas lokacin da aka haifi Yetemegn.

"Emama, wa ke nan wurin?"

"Rufe ƙofar gidan," ta ce.

Na rufe na dawo na tsuguna a gabanta. Muryarta ta yi ƙasa har sai da na matsa.

"Atsede sunanta. Ita ce autar Dinkinesh ta gaskiya. Wani bafataken gishiri ya sauka a garin daga arewa mai nisa, ya yi damina ɗaya ya wuce, ya bar ta da ciki. 'Yar limami! Sai suka ɓoye ta a ɗaki har ta sauka, Dinkinesh ta ɗaura tsumma a ciki tana fita da shi, aka ce tsohuwa ta yi auta. Mutanen gari ba makafi ba ne, amma wa zai buɗe baki a kan Ƙes? Aka sa wa jaririya sunansa a matsayin uba. Atsede ba ta taɓa aure ba. Na san ta, ina yarinya. Tana zaune a wata bukka a bayan coci, kullum na wuce sai ta cika min hannu da soyayyen sha'ir, ta yi ta shafa kaina. Ina ce mata Gwaggo. Uwata ma Yaya take ce mata har ta mutu. Sai da uwata ta zo gargara sannan ta gaya min, ta ce in riƙe."

Masu karatu, zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zage ni. Tana wannan magana tana hawaye, ni kuwa zuciyata tsalle take yi. Ƙirga nake yi a cikina. Idan Atsede ta shiga, ita ce gida na huɗu, Ƙes Bitew ya koma na biyar, Engida ya faɗa na takwas. Takwas! Wayata na hannuna, shafin na buɗe, hoto ɗaya zan ɗauka in tura wa Yihune, gobe dattawansa su zo da shi. Har na ɗaga wayar.

Sai na dubi tsohuwar nan. Shekara arba'in tana riƙe da amanar uwarta, ni kuma zan watsa ta a gari cikin minti ɗaya, a riƙa nuna ta a coci ana cewa ga 'yar shegiya. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na jefa wayar cikin jaka na ja zif.

"Emama, ban ga komai ba. Sirrinki ne. In kin ce a rufe, an rufe."

Ina faɗa ina jin kamar ana zare min rai, kuma ban sani ba ko zan iya cikawa.

Ana haka aka buga ƙofa. Gashe Admasu ne, duk Asabar yakan biyo daga kasuwa ya kawo wa uwarsa man shanu. Yana shigowa ya ga Zabura a buɗe, ga littafina a gefe.

"Wa ya ba ki izinin taɓa wannan?"

"Ni," in ji Emama. "Ba shi takardar ya gani."

"Emama, na ce miki..."

"Ba shi, na ce."

Ya gyara tabarau. Ya dubi lambobina, ya dubi na Zabura, ya bi su da yatsa ɗaya-ɗaya ko zai kama ni da kuskure. Ya karɓi birona ya ɗebe da kansa, sau biyu. Mutumin da ya karanta shafin nan ya fi sau ɗari, ya haddace shi, yana rera shi a taron dangi. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Emama ta maimaita masa abin da ta gaya min, a gajarce, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba.

Gashe ya rufe littafin a hankali. "Wannan magana ba za ta fita daga gidan nan ba. Emama, kin san abin da kike cewa? Ni da nake tsayawa gaban jama'a ina karatu? 'Ya'yana mata biyu ba su yi aure ba tukuna!"

"Admasu, ni na haife ka, zauna."

Ya zauna a kan turmi, da gabinsa da komai.

"An cire matar nan daga littafi don a rufa wa gida asiri, ta haƙura. 'Yarta ta girma a gabanta tana ce mata Yaya, ta haƙura. Ta mutu babu wanda ya yi mata kukan uwa. Yanzu kuma ramin da aka bari a wurinta ne zai cinye auren yarinyar nan? Yarinyar da ta gano da kanta, ta kuma ce min in na so a rufe, a rufe? Kai da kake cewa doka, doka, dokar cewa ta yi a ƙirga gida bakwai na gaskiya, ko na ƙarya?"

Ta tura masa takardar gabansa.

"Ƙirga min. Da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Ya gyara murya. "Ƙanwata Tiruwork, ɗaya. Ke, biyu. Yetemegn, uku." Sai ya tsaya. Bakinsa ya buɗe ya rufe.

"Atsede," in ji Emama. Ta faɗe shi da ƙarfin da har kajin da ke bakin tabarma suka watse. "Kakata. Huɗu."

"Huɗu," Gashe ya ce can ƙasa. "Ƙes Bitew, biyar. Shida. Bakwai." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Engida, takwas."

Ni dai ban san lokacin da na durƙusa na rungume gwiwoyin Emama ba, ina kuka ina sumbatar su, ita kuma tana ture ni tana cewa zan zubar mata da sha'ir.

Gashe ya miƙe ya gyara gabinsa. Ya dube ni, kuma wallahi babu ƙiyayya a idonsa, gajiya ce kawai.

"Ƙirgar ta yi daidai, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Amma dattawan nan sai sun tambayi yadda bakwai ta zama takwas. Ni bakina ba zai iya faɗar wannan a gaban baƙi ba, Emama. Ba zan iya ba."

"Wa ya ce kai za ka faɗa?"

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kakkaɓe ƙaiƙayi daga zaninta.

"Uwar alli, share majinar nan. Buɗe akwatina ki ɗauko farin mayafina na idi, mai jan baki, ki wanke shi yanzu ya bushe kafin gobe. Sannan ki bi ta gida ki turo min uwarki, gara ta ji daga bakina kafin ta ji a gari."

"To, Emama."

"Shi kuma malamin shanun naki, ki ce masa dattawansa su zo gobe bayan an taso daga coci, nan gidan, ba gidanku ba. Kuma ya zaɓo masu ji sosai, don sau ɗaya zan faɗa."